Wa Ya Tsaya Maka? Zango, Fatoma da Masaukin Matafiyi a Hanyar Tambuwal

Daga Sakkwato zuwa Tambuwal kusan kilomita 100 ne. Direban da ya cika motarsa da hantsi zai wuce Boɗinga da Shagari da Dogon Daji, ya sauke fasinja a Tambuwal, ya zarce Jega, ya kuma komo gida kafin magariba. Ayarin jakuna kuwa, da yake da wuya ya wuce kilomita 20 zuwa 25 a wuni idan an yi masa lodi, sai ya kwana huɗu ko biyar a wannan tsakanin. Kowane dare daga cikinsu yana buƙatar wurin sauke kaya, da rijiya, da harawar dabbobi, da mai sayar da tuwo, da kuma mutumin da zai ce wa mai gari, "Na san su." Garuruwan da muke wucewa yau ba tare da mun ko sauke gilashin mota ba, wuraren kwana ne a da.

Abin da ya tuno mana da wannan lissafi shi ne bidiyoyin da ke yawo a wayoyinmu. Saurayi ko budurwa daga Jamus ko Koriya, da jaka goye a baya, suna nuna ɗakin da suka kwana a Bankok ko Marrakesh: gadaje shida ko takwas masu hawa biyu, kicin ɗaya na kowa da kowa, kuɗin kwana bai kai na abincin rana a babban otal ba. Turawa na kiran irin wannan masauki hostal. A wurinmu kalmar ta tsaya ne a ɗakin kwanan ɗaliban sakandare da jami'a, shi ya sa idan aka ce wani ya zaga ƙasashe goma yana kwana a hostal sai abin ya yi mana banbarakwai. Matasanmu kan tambaya, yaushe irin wannan zai zo mana? Amsar ita ce ya taɓa zama a nan, a kan wannan hanya ta Tambuwal da kwarin Kebbe, kuma ta wata fuska ya fi na can ƙarfi.

Bari mu fara da nasu, don ya fi gajarta.

A watan Agusta na 1909 wani malamin makaranta Bajamushe mai suna Richard Schirrmann ya fita da ɗalibansa yawon ƙasa na kwanaki. Hadari ya rutsa da su, suka samu mafaka a wata makarantar ƙauye da ke hutu. A nan tunani ya zo masa: me zai hana a riƙa shimfiɗa wa yara matafiya a azuzuwan da ba kowa a cikinsu, a tazarar tafiyar wuni ɗaya tsakanin wannan da wancan? A 1912 aka samar da masauki na dindindin na farko a wata tsohuwar fada a garin Altena. Zuwa 1932 Jamus kaɗai tana da irin waɗannan gidaje fiye da 2,000, kuma a shekarar aka kafa ƙungiyarsu ta duniya a Amstadam. Ingila ta kafa tata tun 1930, Amurka ta buɗe na farko a 1934.

Mai karatu ya lura da abu biyu. Na farko, ma'aunin Schirrmann shi ne tafiyar wuni ɗaya a ƙasa, wato ma'aunin zango ke nan daidai. Na biyu, gidajen ba na kowa ba ne. Sai mai katin ƙungiya ake ba gado. Mai kula da gidan, wanda Jamusawa ke kira da sunan da ma'anarsa ita ce "uban masauki", yana karɓar katin idan ka iso, ya mayar maka da safe bayan ka yi shara ko wanke-wanken da aka yanka maka. Idan ka yi rashin ɗa'a yana iya riƙe katin, shi ke nan an rufe maka ƙofofin sauran gidajen. Gadon yana da araha ne saboda katin ya ɗauke wa mai gida fargabar baƙon da bai sani ba.

Daga baya ne abin ya fita daga hannun malamai da ƙungiyoyi. A shekarun 1960 da 1970 dubban matasan Turai suka riƙa bin ƙasa daga Santambul ta Tehran da Kabul zuwa Indiya da Katmandu, suna kwana a gidaje masu arha, suna barin wa juna saƙo a allon bangon shagunan shayi. Wasu ma'aurata, Tony da Maureen Wheeler, suka bi wannan hanya a 1972, suka buga ɗan littafin jagora a 1973, daga nan kamfanin Lonely Planet ya samo asali. Juyin juya halin Iran da shigar sojojin Tarayyar Sobiyet Afganistan, duk a 1979, suka toshe hanyar, sai masu goyon jakar suka koma kudu maso gabashin Asiya da Kudancin Amurka. Hostal ya zama sana'a ta 'yan kasuwa.

To, a lokacin da Schirrmann ke neman mafaka daga hadari, tsarin saukar matafiya na ƙasar Hausa ya riga ya tsufa, har ya fara gangarowa.

Tambuwal ribaɗi ne, wato garin tsaron iyaka, kuma Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu ne ya zauna a cikinsa bayan jihadi. Jega kuwa, wadda ba ta da nisa ta kudu maso yamma, wani Buharin ne ya kafa ta, ɗan Malam Abdussalami na Gimbana, bayan rasuwar mahaifinsa a 1818. Kafin ƙarshen ƙarnin Jega ta zama ɗaya daga cikin manyan kasuwannin daular. Ta gabas akwai Gummi, inda Kambarin Barebari suka yi sansani. Su da Agalawa da Tokarawa su ne suka fi shahara a fataucin goro, kamar yadda masanin tarihi Paul Lovejoy ya bi diddigi a littafinsa na 1980 kan ayarin goro. Wanda ya tashi daga Gummi zai tafi Jega, ƙasar Kebbe ce a gabansa, da kwarin Gulbin Zamfara. Wanda ya taso daga Sakkwato kuma, Tambuwal ce a gabansa. Yankin da a yau ake ganinsa kamar ƙuryar jiha, a wancan zamani bakin ƙofa ne: daga nan ake tsallake Kwara, a ratsa Bargu, a bi ta Jugu da Sansanin Mango da Yandi, a isa Salaga a ƙasar Gwanja. Zuwa da dawowa kan ci wata shida, wani lokaci shekara guda.

Ayarin ba ƙarami ba ne. Hugh Clapperton, Baturen da ya zo Sakkwato a 1824 ya sauka a hannun Waziri Giɗaɗo, ya gamu da wani ayarin Hausawa a Kayama ta ƙasar Bargu a 1826, suna dawowa daga Gwanja, ya ƙiyasta su sun haura mutum 1,000, maza da mata, da dabbobin dako kusan yawansu. Irin wannan taro yana da shugabanci: madugu a sama, jagaba a gaba yana duba hanya da wurin sauka, uban dawaki yana kula da biyan kuɗin fito da gaisuwar sarakunan hanya, sai malami mai rubutu da addu'a. Suna tafiya da tufafi da kanwa da jan fata da busasshiyar albasa da dabbobi, da bayi kuma, don wannan ma yana cikin tarihin kuma bai kamata a share shi ba. Su komo da goro.

Mutum dubu ba sa shiga zauren kowa. Saboda haka ake yi musu zango a bayan ganuwa, kusa da ruwa. A kafa bukkoki na kara da ciyawa, a ɗaure jakuna a tsakiya, matan gari su fito da tuwo da fura da dafaffen wake, samari su kawo itace da harawa. Ruwa kuwa dole ne, ba don sha kaɗai ba. Goro ɗan lele ne: sai an riƙa kwance huhu, a tsince wanda ya fara lalacewa, a yayyafa ruwa, a sake naɗewa da ganye, in ba haka ba kafin a iso Jega an yi asarar wahalar wata uku. Garin da ya iya samar da ruwa da abinci da tsaro, ayari ya riƙa sauka a cikinsa, kasuwarsa ta yi albarka. Garin da sarkinsa ya cika zari wajen karɓar gaisuwa, madugai su kauce masa. Ta haka kalmar ta bazu har ta zama sunan wuri: Zangon Daura, Zangon Katab, da unguwannin zango na Kumasi da Akara da Lome, inda har gobe zuriyar fatake ke zaune.

Amma zango na taro ne. Wanda ya fi ba mu sha'awa, mu da muke sana'ar rubuta manhaja, shi ne fatoma, wanda a wasu wurare ake ce wa mai masauki ko kuma maigida kawai.

Falke ya iso gari da kayansa, bai san kowa ba, bai san farashi ba, wani lokaci ma bai ji harshen garin ba. Sai ya sauka a gidan fatoma. A ba shi ɗaki ko gefen zaure, a ba shi tuwon dare, a adana masa kaya, a ajiye masa kuɗi. Sau da yawa ba a yanka masa kuɗin kwana. Ribar fatoma tana cikin la'adar cinikin da za a yi ta hannun dillalansa, da ɗan alherin da baƙo zai bari ranar tafiya. Idan ka duba da idon mai otal sai ka ce wannan mutum yana asara, yana ciyar da mutane a banza. Shi kuwa ya san ɗakin da tuwon ƙugiya ce kawai. Hajarsa ta gaskiya ita ce sunansa.

Wanda ya fi fayyace yadda abin ke aiki shi ne Abner Cohen, masanin zamantakewa da ya zauna a unguwar Sabo ta Ibadan a 1962 da 1963, unguwar da aka keɓe wa Hausawa tun 1916. Shanun arewa, har da waɗanda ake korowa daga ƙasar Sakkwato ta Jega da Yawuri da Jebba, ana sayar da su ga mahauta Yarabawa, kuma yawanci bashi ne, sai bayan makonni a biya. Mai shanu baƙo ne, bai san wane mahauci ne mai cika alkawari ba. Maigidansa ne ya sani, ta hanyar dillalai da yaransa da ke wuni a kasuwa suna lura da wa ya sayi nawa, wa ake bi, wa ya fara jinkiri. Idan mahauci ya ƙi biya, maigida ne ke biyan baƙonsa daga aljihunsa, sannan shi da sauran masu gidaje su daina sayar wa wannan mahauci har sai ya sauke nauyin. Ba kotu, ba takardar yarjejeniya, amma dukiya mai yawa tana yawo a kan kalmar mutum ɗaya. Polly Hill ta ga irin wannan a Kumasi, ta rubuta a kansa a 1966.

Lamunin yana tafiya ta fuska biyu. Fatoma yana tsaya wa gari a gaban baƙo: ba za a cuce ka ba. Yana kuma tsaya wa baƙo a gaban gari: wannan nawa ne, in ya yi ɓarna ku zo wurina. Shi ya sa tambayar farko da ake yi wa sabuwar fuska a garuruwanmu har yau ita ce, "Baƙon wa?" Ba a cika fara tambayar suna ba.

A ƙasan wannan tsari na 'yan kasuwa akwai wani da ya fi shi faɗi, na wanda ba shi da haja: almajiri mai neman karatu, maniyyaci mai tafiya Makka a ƙasa ta Borno da Sudan, mai neman magani, wanda dare ya yi wa. Shi nasa masaukin zauren mai gari ne, ko na liman, ko rumfar masallaci. Addini ya ba baƙo haƙƙin liyafa ta kwana uku, ya kuma sa matafiyin da guzuri ya yanke wa cikin masu cin zakka, al'ada ta ɗora da cewa baƙonka annabinka. Ginin gidan Bahaushe kansa ya tanadi wannan: zaure ɗaki ne da yake cikin gida kuma yake waje, ana iya kwantar da wanda ba a sani ba a cikinsa ba tare da ya ga tsakar gida ba. Idan an idar da sallar isha'i aka ga wani bai tashi ba, an san baƙo ne, sai ka ga kwanuka suna fitowa daga gidaje.

Kada mu yi wa abin kwalliyar da ba tasa ba. Akwai fatoman da ke haɗa baki da dillali a karya wa baƙo farashi. Falken da ya saba da gida ɗaya yana jin nauyin sauya masauki ko da ana kwararsa. Zaure kuma na maza ne. Macen da ta iso gari ita kaɗai, in ba ta da dangi ko wanda zai shigar da ita cikin gida wurin mata, zaɓinta kaɗan ne, kuma duk inda ta kwana sai an yi mata fassara. Wannan gibin bai toshe ba har yanzu.

Abin da ya karya hanyar Gwanja ba abu ɗaya ba ne. Turawan Ingila sun ci Kumasi a 1874, Salaga ta faɗa yaƙin basasa a 1892, Sakkwato ta faɗa hannun Turawa a Maris na 1903. Sai kuma jirgi. Goro ya koma bin teku daga Gwalkwas zuwa Ikko, daga nan jirgin ƙasa, wanda ya iso Kano a 1911, ya ɗauko shi. Alhassan Ɗantata, Ba'agale ne da ya san hanyar ƙasa, yana cikin waɗanda suka fara bin ta ruwa. Layin dogo bai taɓa zuwa Sakkwato ba, ya tsaya a Ƙaura Namoda a 1929. Kayan da ke ratsa Jega da Tambuwal a bayan jaki suka ragu, daga baya lori ya kwashe sauran. Hanyar mota ta bi sawun ta jakuna, ita ce babbar hanyar da ta taso daga Legas ta Ilori da Kwantagora da Yawuri da Jega da Tambuwal ta wuce Sakkwato zuwa Illela. Tambuwal ta samu kwalta ta rasa masu kwana. Kebbe kuwa, da kwaltar ba ta bi ta kanta ba, ta koma gefe.

Turawan mulki sun zo da nasu masaukin, bariki, wanda ake gina wa jami'i mai rangadi a wajen gari, talakawa ke yin aikin ginin da gyaransa. Ba a gina shi don matafiyi ba, kuma kalmar da kanta ta ɗauki wani wari: ɗan bariki, zaman bariki. Da otal ya zo garuruwan arewa sai ya gaji wannan warin, aka haɗa shi da giya da mata masu zaman kansu. Muna ganin wannan na cikin dalilan da suka sa gidan kwana mai arha, mai tsabta, wanda mutumin kirki zai shiga ba tare da ya waiga ba, bai yi yawa a ƙananan garuruwanmu ba. Dattijo ya gwammace tabarmar masallaci da a gan shi yana fitowa daga otal.

Ba wai matafiya sun ƙare ba. A ranin 1952 zuwa 1953 an kafa wuraren ƙirga a hanyoyin Lardin Sakkwato, aikin da masanin labarin ƙasa Mansell Prothero ya yi nazarinsa, aka samu mutum sama da 250,000 sun fita ci-rani, wasu 'yan lardin, wasu sun ratso daga ƙasar Faransa ta arewa, da yawansu a ƙasa. Waɗannan su ne masu goyon jakarmu, sai dai tasu jakar buhu ce da tabarma da buta, kuma abin da ya fitar da su neman kuɗin haraji da na sutura ne. A Ibadan ko Kumasi sun san inda za su dosa: zango, gidan mutumin garinsu, wurin sarkin Hausawa. Jikokinsu ne ke hawa bayan tirela yau daga Tambuwal da Kuci da Margai su tafi Legas da Fatakwal, su kwana a shagon ɗan garinsu ko a masallacin kasuwa.

Su ma masu goyon jakar na Turai sun taɓa biyowa ta nan. A shekarun 1970 da 1980 akwai masu ratso Sahara da tsofaffin motocin Peugeot da manyan motocin yawon buɗe ido, daga Tamanraset zuwa Agadas, wasu su yi Damagaram su shiga Kano, inda akwai sansanin 'yan yawon buɗe ido a titin Bompai, wasu su yi Tawa da Birnin Ƙonni su shigo ta Illela. Wanda ya shigo ta Illela yana nufin Legas, ta Tambuwal zai bi. Bikin kamun kifi na Argungu, da ya samo asali daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, yana jan wasunsu. Tawayen Abzinawa a Nijar daga 1990, da rikicin Aljeriya daga 1992, da sace Turawa 32 a hamadar Aljeriya a 2003, suka rufe wannan hanya kamar yadda 1979 ta rufe ta Kabul. Sun wuce ba su bar wani tsarin masauki a bayansu ba, don yawancinsu a cikin motarsu ko tantinsu suke kwana.

Yanzu mu zo ga zamaninmu. Hostelworld ya fara a Dublin a 1999, Couchsurfing a 2004, Airbnb a 2008, bayan da waɗanda suka kafa shi suka shimfiɗa katifun iska uku a falonsu a San Faransisko suka karɓi baƙi. Duk wanda ya taɓa leƙa cikin irin waɗannan manhajoji ya san cewa nuna hoton ɗaki da karɓar kuɗi shi ne ɓangare mai sauƙi, ɗalibin shekara ta uku zai iya rubuta shi. Mai wuyar shi ne amsa tambayar "Baƙon wa?" Suna amsa ta da katin shaida, da katin banki, da taurari, da abin da waɗanda suka gabata suka faɗa a kan mutum. Wasunsu kuma suna cin la'ada a kan kowane ciniki, kamar fatoma. Wato rumbun bayanai ya maye gurbin abin da maigidan Sabo ke riƙe da shi a ka.

Sai dai akwai inda suka rabu, kuma a ganinmu nan ne gaɓar. Fatoma yana biya idan abin ya ɓaci. Tauraro ba ya biya. Manhaja tana gaya maka abin da wasu suka ce, sannan a cikin dogon sharaɗin da ba mai karantawa ta wanke hannunta. Airbnb bai fara alkawarin biyan diyya ga masu gida ba sai a 2011, bayan wasu baƙi sun yi wa gidan wata mata kaca-kaca abin ya zama abin kunya a jaridu, sannan ya sa dala 50,000. Couchsurfing kuma, da aka gina a kan kwana kyauta irin na zaure, ya zama kamfanin neman riba a 2011, a 2020 ya fara karɓar kuɗin shiga, mutane da yawa suka watse. Karamci da la'ada suna iya zama a gida ɗaya, fatoma ya nuna haka, amma shi yana zaune a garin, 'ya'yansa za su yi aure a garin, ba shi da inda zai gudu da sunansa.

Buƙatar kuwa tana nan, ta ma ƙaru. Yarinyar da aka tura wani gari rubuta jarrabawar shiga jami'a a kwamfuta da ƙarfe bakwai na safe. Saurayin da ya je tantancewar ɗaukar soja ko 'yan sanda. Masu jinya da ke kwana a barandar manyan asibitoci. Ɗan kasuwar da motarsa ta lalace. Abin da ya fi kama da hostal na Schirrmann a ƙasar nan shi ne masaukan da ƙungiyoyin masu yi wa ƙasa hidima, na Musulmi da na Kirista, ke riƙewa a hedikwatocin ƙananan hukumomi: gado ko katifa a ƙasa, tukunya ɗaya, dokar gida, kuma kaki da katin hidima su ne shaidar shiga. Yana aiki saboda akwai ƙungiyar da ta tsaya wa kowa. Wanda ba ya cikinta, sai benci a tasha.

Ƙofar zaure kuma tana rufuwa, kuma ba za mu ga laifin masu rufewa ba. Tun da 'yan bindiga suka addabi Zamfara da gabashin Sakkwato, abin ya taɓo dazuzzukan Kebbe da maƙwabtanta, baƙuwar fuska ta zama abin tsoro. Kowa ya ji labarin masu kai wa ɓarayi rahoto. Masallatai da yawa ana kulle su bayan isha'i. Mai unguwar da kakansa ke alfahari da yawan baƙin zaurensa, yau ana gargaɗinsa kada ya sauki wanda bai sani ba. Can kudu kuma namu ne baƙin. A watan Maris na 2025 aka tare wata mota a Uromi ta Jihar Edo, aka kashe mafarauta 16 'yan arewa da ke hanyar komawa gida daga Fatakwal. Sun ratsa garin da ba wanda zai fito ya ce, "Nawa ne."

Mu masu kwamfuta muna da saurin cewa manhaja za ta warware. Akwai lambar ɗan ƙasa, akwai ta banki, an haɗa layukan waya da ta ɗan ƙasa tun daga ƙarshen 2020. Amma lamba tana tabbatar da cewa kai ne kai, ba ta ce wani zai ɗauki nauyin abin da ka aikata ba. Kuma a watan Satumba na 2021, lokacin da aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na Jihar Sakkwato saboda tsaro, duk wani tsarin da ya dogara da intanet ya mutu a daidai wuraren da aka fi buƙatar sanin waye baƙo.

Abin da mutane suka ƙirƙiro da kansu ya fi kusa da tsohon tsarin. Baƙo ya iso ƙauye da yamma, a kai shi wurin mai gari ko shugaban 'yan sa-kai. A tambaye shi garinsu, a tambaye shi wa ya sani a can. Ya ba da lamba, a kira a buɗe murya kowa na ji. Idan aka yi sa'a wanda ya ɗauka ya san wani a nan, ko limaminsu ya yi karatu da na nan, ko direban da ke zuwa kasuwar Jega ya san su duka biyun, sai a shimfiɗa masa tabarma a kawo tuwo. Shugabannin tasha da sarakunan Hausawa na kudu suna yin irin wannan ta WhatsApp, ana tura hoton mutum da muryar wanda ya tsaya masa kafin motarsa ta iso. Idan lambar ba ta shiga ba, ko wanda aka kira ya ce bai gane shi ba, sai a ba shi ruwa da abinci a bakin hanya, a sa yaro ya raka shi tasha ya jira motar safe.